Wata bakwai injin motata yana kwance a gareji, ga yadda muka ƙare

Ranar da abin ya faru ni na ja wa kaina, bari in fara da wannan kar wani ya ce na ɗora wa mota laifi. Ina kan hanya allurar zafi ta fara hawa a hankali, na gan ta da idona fa, amma na ce ai saura kaɗan in isa gida bari dai in lallaɓa. Ashe wani ɗan tiyon ruwa ne can ƙarƙashin manifol, wato tarin bututun da ke manne a gefen kan inji, ya tsage, tiyon da ina jin tun da aka ƙera motar ba wanda ya taɓa canza shi, ruwa na ta zuba ni kuma ina ta taka totur. Kafin in tsaya allura ta shiga ja. Washegari na tada ta sai farin hayaƙi ta salansa kamar an hura ɗanyen itace, da wani wari mai zaƙi-zaƙi, na buɗe murfin baƙin mai na ga wani abu fari-fari mai kauri ya manne a ciki. Shikenan, top gasket, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin bulok da kan inji, ya tafi.

Motar Toyota Supra ce ta 1989, wadda ake ce wa A70 ko Mk3, irin da aka fara yi a 1986 lokacin da aka raba Supra da Celica ta zama mota mai zaman kanta. Injinta 7M-GTE, silinda 6 a jere, cc 2,954, bawul 24, kamshaf biyu, turbo CT26 guda ɗaya mai cusa wa inji iska da intakula mai sanyaya iskar, ƙarfin doki wajen 230. A yau wannan ba wani abin kuri ba ne, na sani, amma wanda ya taɓa jin yadda silinda 6 a jere ke tafiya sumul kamar ana zuba ruwa zai gane me ya sa na ƙi rabuwa da ita. Bulok ɗin ƙarfen zubi ne, kan injin kuma alminiyom, kuma a nan maganar take: in zafi ya yi yawa alminiyom yana buɗewa kusan ninki biyu na ƙarfen zubi, ga kan dogo tunda silinda 6 ya rufe, to sai ya lanƙwashe, gasket ɗin da ke tsakaninsu shi ke shan wahala.

Shawara kam na sha ta. Wasu suka ce canza gasket kawai ka rufe, wasu suka ce nemo wani injin na hannu ka jefa ka huta. Amma injin hannu na motar da ta haura shekara 30 ai sayen kifi ne a ruwa, ba ka san wane irin zafi shi ma ya sha ba. Kuma ruwa ya riga ya gauraya da baƙin mai, na san metal, wato ƴan ƙarafan da sandar kuranshaf ke juyi a kansu, sun ɗanɗana. Sai na ce tunda abin ya zo haka bari in sauke shi gaba ɗaya in yi da hannuna, ni ba bakanike ba ne, iyakata canza fulogi da birki da bel, amma ina da littafin gyaran motar kuma ina da taurin kai.

Sauke injin bai ba ni wuya yadda na zata ba, yini biyu ni da ƙanena da ƙugiyar ɗaga inji ta aro. Abin da ya cece ni daga baya shi ne hoto, duk tiyo duk waya kafin in cire sai na ɗauka da waya, duk noti a leda da rubutu a jiki. Ƙanena har dariya yake min, wai Yaya kai kanti za ka buɗe ne? Bayan wata bakwai da muka zo mayar da ƙananan tiyoyin iska shi da kansa ya riƙa cewa Yaya duba hoton nan mu gani. Wayoyin injin kuwa sun bushe ƙamas saboda zafin shekaru, soket uku suka farfashe a hannuna kamar busasshen ganye, wannan ma wani aiki ne daban da ban sa shi a lissafi ba.

Notin kai guda 14 ne, kuma ba a kwance su yadda aka ga dama, daga gefe ake farowa a shigo tsakiya kaɗan-kaɗan, in za a ɗaure kuma daga tsakiya a fita. Da muka ɗaga kan sai ga shi ƙarara, gasket ya ƙone a bayan silinda ta 6, fistin ɗin wurin ya yi fes kamar sabo saboda tururin ruwa ya wanke shi, sauran biyar kuma baƙi ƙirin. Na ɗora madaidaicin ƙarfe a fuskar kan na zura filagej, wato siraran ƙarafan auna tazara, 0.15 mm ya shige a tsakiya ba gardama, littafi kuma iyakarsa 0.10. Metal ɗin kwanrod, wato sandar da ke haɗa fistin da kuranshaf, na 5 da na 6 har jan ƙarfe ya fara leƙowa. Da na bi shawarar canza gasket kawai da ba a jima ba injin ya buga.

Akwai aikin da ba a yi a gida komai ƙoƙarinka, dole ka kai wa masu injin gyaran ƙarfe. Na kai bulok da kai da kuranshaf wajen wani dattijo da ya daɗe a sana'ar. Abu na farko da ya yi shi ne gwada taurin alminiyom ɗin kan, ya ce kan da ya sha zafi sosai yakan yi laushi, in ya yi laushi ko ka goge fuskarsa ta yi santsi kamar madubi ba zai riƙe ɗauri ba. Nawa ya tsallake. Silinda kuma sun ci, sai aka buɗe su daga 83 mm zuwa 83.50 da sababbin fistin, kuranshaf gogewa kawai ya nema, aka share fuskar bulok da ta kai kaɗan saboda gasket na ƙarfe mai hawa-hawa zan sa, shi kuwa ba ya yafe kaushi ko kaɗan.

To nan na tafka kuskuren da har yanzu in na tuna nake jin kunya. A gaban bulok ɗin wannan injin akwai wani murfin alminiyom da ke bayan taimin bel, samansa daidai yake da fuskar bulok kuma top gasket yana hawa har kansa. Ni na kwance shi na wanke na adana a leda da rubutu mai kyau, na kai bulok tsirara. Bayan sati biyu na dawo da bulok yana ƙyalli, na ɗaura murfin, haka kawai ina shafa fuskar da yatsa don jin daɗi sai farcena ya maƙale a wurin haɗin. Na sake shafawa, ya sake maƙalewa. Murfin ya fi bulok tudu da ɗan abin da ido ba ya gani, daidai abin da aka share. Da na rufe a haka kan injin zai zauna ne a kan wannan ɗan tudun, gasket ba zai matsu daidai a gaba ba, duk wahalar ta tashi a banza. Na zauna a kan tsohuwar taya na yi shiru wajen minti goma.

Da na koma, Baba ya kalli murfin ya kalle ni ya ce, ɗana me ya sa ba ka kawo shi tun farko ba? Na ce wallahi Baba ban sani ba. Ya ce ai da ka faɗa min irin injin da kyau da na tambaye ka, ɗaura shi a jiki mu share su tare. Wani sati biyun kenan.

Wanki shi ne abin da ba wanda ke ba ka labarinsa. Bulok ya dawo daga shago ka ga kamar tsaf yake, ƙarya ne, cikin silinda cike yake da garin dutsen gogewa, kuma wannan garin in ya zauna shi zai cinye sababbin ringi da metal. Ruwan zafi da sabulu da burushi, a wanke a sake wankewa har sai ka goga farin ƙyalle mai ɗan mai ya fito fari, sannan a busar nan take a shafa mai don tsatsa ba ta jira. Hanyoyin mai na cikin bulok da na kuranshaf duk sai da na bi su da siririn burushi da iska. Akwai kuma ƙananan bututu a ƙasan kowace silinda masu feso mai a ƙarƙashin fistin don sanyaya shi, su ma na cire na duba ɗaya bayan ɗaya. Yini uku na yi ina wanki kawai, uwargida ta leƙo ta ce dama ka iya wanke-wanke haka shi ne ban taɓa gani a kicin ba?

Sai awo. Gaskiya ɗaure noti shi ne ƙaramin ɓangare na haɗa inji, mafi yawan lokacin yana tafiya ne a auna, rubuta, sake aunawa. Tazarar da ke tsakanin metal da kuranshaf ta fi gashin kai siranta, kuma a cikinta mai yake zama ya hana ƙarfe taɓa ƙarfe. Na yi amfani da Plastigage, wani ɗan zaren roba ne kore, ka yanka ka ɗora a kan kuranshaf busasshe, ka rufe ka ɗaure da sifanar tok mai auna ƙarfin ɗauri daidai yadda littafi ya ce, kar ka kuskura ka juya kuranshaf, sai ka kwance ka ga yadda zaren ya baje ka gwada faɗinsa da ma'aunin jikin takardar. Manyan metal 7, na kwanrod 6, sau 13 kenan, nawa duk sun zauna wajen 0.04 mm. Ringi kuma kowanne sai ka tura shi cikin silindarsa da kan fistin ya zauna daidai ka auna bakinsa da filagej. A injin turbo wannan ba wasa ba ne don zafi ya fi yawa, in tazarar ta yi kaɗan ringin zai buɗe bakinsa ya haɗe ya fasa gefen fistin. Guda huɗu sai da na goge bakinsu da ƙaramar zarto, a hankali, goga biyu ka auna, goga biyu ka auna, don abin da ka goge ba ya dawowa.

Bawul ma haka, wannan injin ba shi da sukurun daidaitawa, wasu ƴan faranti ne masu kauri daban-daban a saman kowane bawul, ka auna tazara ka yi lissafi ka nemo mai kaurin da ya dace, sau 24. Na cika shafi biyu da lambobi. Wajen ɗaure kai kuma na ajiye notin asali a gefe, waɗanda littafi ya ba su ƙarfin ɗauri 78 Nm, na sa dogayen sanduna masu zare na kamfanin ARP, su da nasu ma'aunin da nasu man shafawa, a zagaye uku daga tsakiya zuwa gefe.

Turbo ɗin na riƙe sandarsa na girgiza, motsi gefe da gefe kaɗan ba laifi tunda a kan mai take shawagi, amma tawa har gaba da baya take motsi, sai na aika aka sake masa kayan ciki aka daidaita shi, don abin da ke juyi sama da sau 100,000 a minti ba a hannu ake daidaita shi ba. Bututun da ke kai masa mai na leƙa ciki na ga ƙonannen mai ya toshe kusan rabi, na jefar na sa sabo. Intakula kuwa da na karkata ta sai da baƙin mai ya tsiyayo. Tiyoyin ruwa duka na canza, har da wanda ya jawo min wannan duka, na ajiye tsohon a kan shelf ina kallonsa.

Ranar tadawa na cire fulogi da fiyus ɗin EFI, wato na tsarin feso fetur, na yi ta juya injin da kik har allurar matsin baƙin mai ta motsa, don kar sababbin metal da turbo su tashi a bushe. Na mayar da komai, ƙanena yana tsaye gaban bonet da abin kashe gobara a hannu, na yi bismillah na murɗa makulli. Ya juya, ya juya, bai kama ba. Karo na biyu ya yi tari sau ɗaya ya mutu. Na uku ya kama, da ƙara da rawa da hayaƙi na tashi daga manifol inda man hannunmu ke ƙonewa, ƙanena na ihu Yaya ya tashi, ni kuwa ko murmushi ban iya ba idona na kan allurar baƙin mai. Bayan ƴan mintuna rawar ta lafa ya koma wannan sautin nasa mai santsi. Mun sami ɗigon mai a bututun da ke mayar da mai daga turbo zuwa ƙasa, kilif ne ban matse da kyau ba, minti biyar aka gama da shi.

Yanzu na yi kilomita 800 da baƙin mai na gargajiya ba na sinadari ba, ina hawa ina sauka da giya don ringi su zauna, ban bar turbo ya cika ba ko sau ɗaya duk da ƙafata na ƙaiƙayi. Jiya na juye man na yanka filta na baje takardar cikin a rana ina neman ƙyallin ƙarfe, ɗan ƙura-ƙura ne kawai irin na sabon haɗi, ruwan lagireto kuma yana nan inda na bar shi. Ranar Asabar zan gwada kwamfureshan, wato ƙarfin matse iska, na silinda shidan, in lambobin sun zo kusa da juna sai in nemi doguwar hanya in taka ta sosai karo na farko. Ƙanena ya riga ya ce shi ne a kujerar gefe, na ce to, amma aikinsa kallon allurar zafi.