Asabar: bawul da safe, wayarin fitila da yamma

Tun da sassafe na tayar da motar, na bar ta tana aiki har allurar zafi ta hau tsakiya, domin bawul ɗin injin 22R da zafinsa ake saita shi. A-kori-kurar tawa Toyota Hilux ce ƙirar 1989, mai kafireta, silinda huɗu, lita 2.4. Irin wannan inji ya fito tun 1981, kuma abin da ya sa nake son sa shi ne da ka ɗaga bonet kana ganin komai da idonka: ga kafireta, ga fulogi huɗu a jere, har ƙasa ma ana hangowa ta gefen injin. Babu kwamfutar da za ta ce sai an jona mata wata na'ura kafin ta faɗi abin da ke damunta.

Ayyuka biyu na sa a gaba. Na farko ƙarar ƙyas-ƙyas da ke fitowa daga saman inji, na biyu kuma fitilun gaba da suka zama kamar aci-balbal, in dare ya yi sai mutum ya manna fuska a gilas kafin ya ga hanya.

Na bawul bai ci lokaci ba. Na kwance notuna huɗun da ke riƙe da murfin saman inji, na ɗage shi, na sa sufana mai lamba 19 a kan notin fulin kiranki na juya har tsagar da ke jikin fulin ta yi daidai da sifili, rokokin silinda ta ɗaya, wato ƙarafan da ke danna bawul, suna motsi a sake. A nan ana saita rabin bawul ɗin: na shan iska a silinda ta 1 da ta 2, na fitar da hayaƙi a ta 1 da ta 3. Sai a ƙara juya kiranki zagaye ɗaya cif, a yi sauran huɗun. Tazarar da ake so milimita 0.20 ce a na shan iska, 0.30 a na hayaƙi. Ana zura siririn ƙarfen awo tsakanin roka da kan bawul, ya shiga da ɗan ja kaɗan, kada ya faɗa sakaka, kada kuma sai an tura da ƙarfi. Wahalar kawai zafi, domin ƙarfe yana ƙuna kuma dole a yi sauri kafin ya huce.

Mai ƙarar na same shi, na shan iska ne a silinda ta 2, ya yi sako-sako. Amma wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne na hayaƙi a silinda ta 4, wanda ba ya ƙara ko kaɗan. Ƙarfen 0.30 ya ƙi shiga, sai na 0.15 ne ya ratsa da ƙyar. Mutane ƙara suke tsoro, alhali bawul mai ƙara damuwar kunne ce kawai. Wanda ya matse shi ne ba ya zama da kyau a mazauninsa, ba ya samun sauke zafinsa a jikin kan silinda, a hankali bakinsa ya ƙone, ranar da za ka sani sai an sauke kan inji gaba ɗaya. Na saita duka takwas, na sa sabon gaskit da robobin nan biyu masu siffar rabin da'ira na gaba da baya, inda baƙin mai ya saba tsiyaya, na mayar da murfi. Da na tayar, injin ya koma wani irin sauti mai laushi da na manta yana da shi.

Wajen tsakar rana ƙanena ya shigo, ya tarar na baje wayoyi a kan tabarmar roba. Bai ko zauna ba ya ce, "Yaya, wai me ya sa kake wahalar da kanka? Ka sayi ƙwai masu wat 100 ka sa mana, ko na LED, magana ta ƙare."

Na ce masa ya riƙe mini mita tukuna. Na tayar da inji, na kunna fitila, muka auna a kan batir: volt 14.2, wato altaneta lafiyarta ƙalau. Sai muka koma bayan ƙwan fitilar dama, na sa allurorin mitar a ƙafafun soket ɗin ƙwan yana ci: 12.1. Fiye da volt biyu sun salwanta a hanya tsakanin batir da ƙwai. Ya dubi mitar ya ce ai wannan ba wani abu ba ne. To a nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Hasken ƙwan halojin ba ya raguwa daidai da yadda wuta ta ragu, ya fi haka faɗuwa. Idan wutar ta ragu da kashi 10 cikin 100, hasken yana raguwa da kusan kashi 30. Da lissafin abin da muka auna, fiye da kashi ɗaya cikin uku na hasken da ƙwayayen nan za su iya bayarwa ba ya fitowa. Ƙwayayen ba su da laifi, wutar ce ba ta isa gare su.

Dalilin kuwa a fili yake ga duk wanda ya bi wayar da hannunsa. Wutar fitila tana ratsa fiyus, ta bi siraran wayoyi, ta shiga makunnin da ke jikin sitiyari, ta bi mahaɗai iri-iri. Kowace mahaɗa ta shekara talatin da ɗoriya tana shan ƙura da danshi, kowacce kuma tana ɗan cin nata rabon. Da na feɗe salatif ɗin da ke bayan fitilar hagu, sai na ga aikin wani da ya riƙe motar kafin ni: ya yanke waya, ya murɗa bakinta da wata wadda ba kaurinsu ɗaya ba, ya naɗe. Jan ƙarfen ciki ya koma kore-kore da baƙi, ina taɓawa yana marmashewa a yatsuna, robar wajen kuma ta ƙandare saboda zafi. Wutar da ya kamata ta zama haske a kan titi, a nan take zama zafi a cikin salatif.

Shi ya sa ban yarda da maganar ƙwai mai wat 100 ba. Ƙwan H4 na asali, wato ƙwan motar mai ƙafa uku da zaren dim da na ful, wat 60 yake ci a ful, 55 a dim, wato kusan amfiya biyar kowanne. Mai wat 100 zai ja kusan takwas ta cikin wayoyin nan da suka riga suka gaji, sai soket ya narke ko makunnin sitiyari ya ƙone. LED kuma ba ya cin wuta sosai, gaskiya ne, amma kwanon fitilar nan an ƙera shi ne domin siririn zaren ƙwai da ke zaune a wani takamaiman wuri. Da yawa daga cikin na LED hasken nasu ba daga wurin yake fitowa ba, sai ya watsu sama da gefe. Mai motar yana jin daɗi ya ga fari fat a gabansa, wanda ke tahowa kuwa an kashe masa ido. Ni ina ganin wannan rashin tausayi ne, ko da mutum bai yi da gangan ba.

Abin da na yi shi ne na sa rile biyu, wato makunnin da ƙaramar wuta ke kunnawa ya saki babba, ɗaya na dim ɗaya na ful, na ɗaure su a jikin bodi kusa da batir. Ƙafafun rile lambobi gare su, tsarin Jamus ne da kusan kowa ke bi: 30 ita ke karɓar wuta daga batir, 87 ita ke kai wa ƙwai, 85 da 86 kuma su ne na ƙaramin maganaɗisun da ke jan makunnin ciki. Na ja sabuwar waya mai kaurin milimita murabba'i 2.5 daga batir, kowane layi da fiyus ɗinsa mai amfiya 15 dab da kan batir, domin fiyus waya yake karewa, in ya yi nisa to duk tsawon da ke gabansa a tsirara yake. Tsohon makunnin sitiyari yanzu hutawa zai yi, abin da zai riƙa ɗauka bai kai rabin amfiya ba.

Akwai wani abu da duk mai tsohuwar Toyota ya kamata ya sani kafin ya taɓa wayarin fitila. A motoci da yawa makunni fozitib yake yankewa, ƙafar ƙwai ta uku kuma tana manne da jikin mota. A nan akasin haka ne: ƙafar da dim da ful suka yi tarayya a kai ita ce fozitib, makunnin kuma negatib yake ba wa wanda aka zaɓa. Wanda ya sayo haɗaɗɗiyar wayar rile ta gama-gari ya jona ba tare da ya duba ba, sai ya ga dim da ful sun rikice ko sun ƙi ci. Don haka na ɗauki 86 na rile biyun daga ƙafar tarayya ta tsohon soket, 85 na kowanne kuma daga wayarsa ta dim ko ta ful. Sababbin soket ɗin na ba su negatib kai tsaye daga jikin bodi.

Notin da na zaɓa domin negatib ɗin shi ya fi komai ba ni wuya yau. Tsatsa ta cinye shi, sufana tana zamewa. Na fesa masa man kwance tsatsa, na bar shi ya sha, na ɗan bubbuga kansa da guduma, na fara ɗaure shi kaɗan kafin in kwance, sannan ya saki da wani ƙara. Na goge wurin da samfefa har farin ƙarfe ya fito, na ɗaure, na shafa giris a kai. Duk mahaɗan na matse su da filaya ta musamman, na rufe da robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi. Salatif ko ɗaya ban yi amfani da shi ba. Ƙanena, wanda ɗazu yake cewa ɓata lokaci ne, shi ya koma mai miƙo kaya, har yana gargaɗina kada in taɓa gilashin ƙwan da yatsa, wai maiƙon hannu yana sa ya fashe. Gaskiyarsa ce kuwa.

Da muka sake aunawa a bayan ƙwai: 13.9. Ƙwayayen nan dai na da ne, ban canza su ba, amma hasken ya tashi daga ja-ja ya koma fari. Na san akwai abin da zan biya, domin ƙwan da ke samun cikakkiyar wuta ba ya daɗewa kamar wanda ake ba wa rabi-rabi. Zan ajiye na ko-ta-kwana a aljihun dashbod.

Bayan duhu ya shiga na tsayar da motar a daidaitaccen wuri, mita 10 daga bango, na auna tsayin tsakiyar fitila daga ƙasa na yi alama da alli. Layin saman hasken dim ya kamata ya sauka kusan santimita 10 ƙasa da alamar. Na dama ya yi daidai, na hagu kuwa sama yake kallo, na juya sukurun saitinsa har ya sauko.

Abu ɗaya ya rage. Shuɗiyar fitilar dashbod da ke nuna an kunna ful yanzu da ƙyar ake ganin ta. A tsarin motar, wutarta ta cikin zaren dim na ƙwan take bi, yanzu kuwa maganaɗisun rile ne a gurbin, ba ya barin isasshiya ta wuce. Maganinsa a sa rezista ko ƙaramin ƙwai tsakanin ƙafar tarayya da ta dim a tsohon soket. Ina da wani ƙaramin ƙwan sigina a akwatin kaya, gobe in Allah ya kai mu da shi zan fara gwadawa, in kuma ya yi zafi da yawa a wurin sai in nemi rezista mai rigar alminiyam in ɗaure shi a jikin bodi.