Asabar a ɗakin editin, Tudun Wada

Yau ban buɗe shago ba. Bayan Azahar na hau Keke Napep daga Kawo zuwa Tudun Wada, wurin ƙanina da ke editin ɗin wani fim mai dogon zango da ake ɗorawa a YouTube. Ɗan ɗaki ne, kwamfuta ɗaya, fanka sai kaɗa zafi take yi.

Na tarar yana fama da wani sin na daren da aka kawo amarya. Uwargida na zaune a bakin gado, fuskarta kaɗai kyamara ta ɗauka, ba kuka, ba murmushi. Ya ce, "Yaya, matso ki gani." Ya sa hoton kwanon tuwon amarya, sannan fuskar ta biyo baya. Wallahi nan take na ce matar nan wani abu za ta barbaɗa a ciki. Ya cire kwanon, ya sa ɗanta yana barci a tabarma, sannan fuskar. Sai ga ni ina jin tausayinta, har ina cewa Allah ya isar mata. Alhali jarumar ko gira ba ta ɗaga ba, fuskar ɗazu ce ya maimaito.

Ya yi ta mini dariya. Wai wani ɗan Rasha, Lev Kuleshov, ya yi wannan gwajin sama da shekara 100 da suka wuce: fuskar jarumi ɗaya ya jera da farantin miya, da yarinya a akwatin gawa, da mace a kishingiɗe, 'yan kallo suka yi ta yabon yadda ya nuna yunwa da baƙin ciki da sha'awa. Ashe rabin zagin da muke yi wa kishiyoyin fim, edita ne ya jawo musu.

Daga nan muka koma kan kiɗa, inda nake da ƙorafi tun tuni. Finafinanmu ba sa barin mutum ya ji komai da kansa. Kafin hawaye ya taru an riga an saki sarewar tausayi, kamar mai ɗura wa yaro koko. Na sa ya kashe kiɗan sin ɗin, ya bar guɗar 'yan kai amarya tana shigowa daga nesa. Nan jikina ya yi sanyi. Shi kuma ya kawo misalin Jaws na 1975, fim ɗin Amurka kan wani kifi mai cin mutane: kifin inji da aka ƙera don fim ɗin ya yi ta lalacewa, dole darakta Spielberg ya riƙa ɓoye shi, kiɗan John Williams ya ɗauki aikin tsoratarwa. Na yarda kiɗa na da ranarsa, amma can gurbin abin da ba a nuna ba ya cike.

Ana kiran La'asar furodusa ya bugo waya. Shi kwanon yake so, da sarewar, wai muguwar kishiya ce ke kawo masu kallo. Na baro su suna ja-in-ja saboda cunkoson Ahmadu Bello Way. Laraba za a saki wannan kashi na fim ɗin, kuma na san mai biyan kuɗi ba ya faɗuwa a irin wannan gardamar.