Makon da muke naɗe tabarmar karatu

Shekara biyu ke nan da na ɗauki nauyin koyar da ɗana karatun boko a gida, tun bayan da ya gama aji uku na ƙaramar sakandare, saboda babbar sakandaren da ta fi kusa da ƙauyenmu a ƙasar Gumel tana da nisa, kuma da damina hanyar ba ta biyuwa da keke. Ni tsohon malamin firamare ne, don haka lissafi da Turanci da Hausa suna hannuna, darussan kimiyya kuwa wani ɗan ƙanena ke zuwa ranar Asabar ya yi masa. Niyyarmu ita ce ya zauna jarrabawar kammala sakandare ta NECO ta masu zaman kansu, wadda ake yi wajen Nuwamba zuwa Disamba. Tsara darasi bai ba ni wahala ba. Abin da ya kusa kayar da ni shi ne hutu.

Hutun farko da na ba shi, sunan hutu kawai ya ci. Na tara masa tambayoyin jarrabawar shekarun baya, na ce ya riƙa yin shafi biyu kullum don kada kansa ya yi sanyi. A rana ta uku na shigo zaure na tarar da shi yana kwafe amsoshi daga bayan littafin, ko ɓoyewa bai yi ba. Da na yi masa magana sai ya ɗago kai ya ce, "Baba, wai da me wannan makon ya bambanta da wanda ya wuce?" Na buɗe baki zan yi faɗa, amma na rasa amsa. Yaron da ke zuwa makaranta yana da ƙofar da ake rufewa a bayansa ranar hutu. Nawa kuwa zauren nan dai shi ne ajinsa, kuma fuskar da yake gani a matsayin malami ita ce yake gani a matsayin uba idan an zauna cin tuwon dare. Ko a tsangaya, inda ba a wasa da karatu, ana jingine allo Alhamis da Juma'a, ni kuwa da na yi shekaru ina koyarwa na manta da wannan.

Daga nan na daina bin kalandar makarantun gwamnati, domin ba ta san lokacin da ruwan shuka zai sauka a gonata ba. Yanzu muna yin mako shida na karatu mu huta ɗaya, sannan akwai hutun sallar azumi da na layya, da mako biyu cur da kaka. Ranar da hutu ya fara, shi da kansa yake naɗe tabarmar karatu ya kai littattafan ɗakin mahaifiyarsa, ni kuma na yi alkawarin ba zan tambaye shi ko ma'anar kalma ɗaya ta Turanci ba. Cika wannan alkawari ya fi mini wuya fiye da yadda nake zato.

A madadin darasi, nakan damƙa masa aiki guda ɗaya na gaske, wanda idan ya ɓata shi gidan zai ji a jikinsa. A kakar bara na ba shi lissafin geronmu da fitar da zakkarsa. Ya ƙirga dami 63 kafin a zuba a rumbu. Sai ya tafi wurin limaminmu ya tambayo hukunci, ya dawo da bayanin cewa nisabin hatsi sa'i 300 ne, kowane sa'i mudun Annabi huɗu, kuma amfanin da ruwan sama ya shayar ana fitar da ɗaya bisa goma, wanda aka yi wa ban ruwa da wahala kuwa ɗaya bisa ashirin. Matsalar ita ce nisabi da tsabar hatsi ake auna shi, mu kuwa dami muke da shi. Ban ce masa komai ba. Ya kwana biyu yana juya abin, sannan ya roƙi mahaifiyarsa da ƙannena mata su sussuke masa dami uku, babba da matsakaici da ƙarami, ya auna da mudun da muke fitar da zakkar kono, ya fitar da matsakaicin abin da dami ɗaya ke bayarwa, ya tabbatar mun haye nisabi. Da ya raba 63 gida goma ya samu 6.3, sai ya tsaya yana dariya, wai yaya za a yi a ɗaure ɗigo uku na dami. Kawunsa da ke gefe yana gyaran lauje ya ce, "Kai yaro, fitar da bakwai, ba a ƙwauron mudu da Allah." Wannan yaron shi ne wanda na yi wata guda ina fama da shi a kan lissafin ɗigo yana hamma.

A wani hutun kuma na haɗa shi da kawun nasa zuwa kasuwar Maigatari, wadda ke ci ranar Alhamis a bakin iyakar Nijar, domin sayar da raguna biyu. Ya dawo da ƙura har cikin kunne, da labarin yadda dillali ke cin la'ada, da tambayar dalilin da ya sa 'yan canji ke riƙe da naira da sefa a hannu ɗaya. Ban mayar da tambayar darasi ba, na dai amsa iyakar abin da ya tambaya na yi shiru.

Sai dai ba na cika makon da aiki, kuma a nan muke saɓawa da wasu abokaina da ke ganin zaman banza shi ne ƙofar lalacewa. Matashi mai shekara goma sha shida da ke karatu shi kaɗai yana rasa abin da 'yan aji ke samu kyauta, wato sa'o'insa. Saboda haka yammacin kowace ranar hutu nasa ne: ya tafi ƙwallo a filin bayan gari, ko ya kwana biyu a gidan gwaggonsa a cikin Gumel. Waya ce kaɗai ban sakar masa ba, domin na ga yadda take cinye yini guda ba a sani ba. Yana karɓarta bayan la'asar ya dawo da ita kafin isha'i, kuma har yau muna ja-in-ja a kan haka.

Ranar komawa karatu ba na fara sabon babi. Mukan ɗauki awa ɗaya ya ba ni labarin makon, wani lokaci ya rubuta shi da Hausa, wani lokaci da Turanci, ni kuma in gyara rubutun kawai. Hutunmu na gaba zai faɗo daidai lokacin yankan riɗi, wanda idan aka makara kwansonsa ke fashewa ya zubar da tsabar a ƙasa. Ya riga ya ce shi zai riƙa duba gonar ya faɗi ranar da za a sa lauje, kuma na amince, ko da yake na san zan riƙa zagayawa ta can da sassafe ba tare da ya sani ba.