Mai jan biro ya tona asirin Agatha Christie

Yau na zauna da wani tsohon littafin Agatha Christie, marubuciyar labaran binciken kisan kai 'yar Ingila, da na saya wurin mai gwanjon littattafai, The Mysterious Affair at Styles, littafinta na farko da ya fito a 1920. Ina cikin karatu, shayina a gefe, sai na ci karo da ta'asar wanda ya riga ni mallakarsa. Ya ja layi da jan biro ƙarƙashin sunan wani, ya rubuta a gefen shafi: "Wannan ne ya yi kisan." Wallahi sai da na ajiye kofin. Haba bawan Allah! Matar nan fa tun 1952 ake nuna wasan kwaikwayonta The Mousetrap a Landan, kuma in an gama sai a roƙi 'yan kallo kada su faɗa wa kowa yadda ya ƙare. Kai kuma ka zo da bironka.

Kamar in jefar da shi, sai dai na daure. Da na riga na san mai laifin, sai idona ya buɗe, na fara ganin yadda ta baje alamun a fili tana kautar da hankalin mutum wani gefen. Ta yi aiki a ɗakin haɗa magani a garin Torquay na Ingila lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, shi ya sa in ta zo kan guba ba ta kame-kame. Ƙanwata ta ce in na gama in ara mata, kuma har yanzu ban yanke shawarar ko in yage gefen shafin nan ba.