Satin farko kamara tana cikin jaka

Duk wanda ya tambaye ni sana'ata sai in ce masa ina haɗa baƙo da mai gida ne, kuma iyakar gaskiyar kenan. Ɗan ƙaramin kamfani gare ni, mu huɗu ne, muna shirya wa masu zane da masu ɗaukar hoto da mawaƙa zaman wata ɗaya ko biyu a cikin al'ummomin 'yan asali, su zauna da masaƙa da magina tukwane da masu waƙar gargajiya, kowa ya ƙaru da wani.

Masauki, mota, tafinta, duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ke cin rai shi ne neman izini. Kafin baƙo ya taka ƙafarsa sai na je sau uku sau huɗu na zauna da dattawa, sannan in nemi mata daban, don sau da yawa masu magana a taro ba su ne sana'ar ke hannunsu ba, kuma in ba ka ji daga bakin mai saƙar ba to ba ka ji komai ba tukuna.

Da wuya na koyi wannan fa. Akwai wata mai ɗaukar hoto da muka kai a farkon fara aikinmu, yarinya mai kirki wallahi, ta ga wani zane a jikin mayafi ya burge ta, ta ɗauka, a daren ta sa a Instagram. Ashe zanen ba na nunawa ba ne, sai an yi rashi ake fito da shi. Tsohuwar da ta saƙa shi ba ta ce uffan ba, ta dai naɗe kayanta a hankali ta shige ɗaki, kwana uku babu wanda ya zauna da mu. Muka sauke hoton, muka je muka ba da haƙuri. Laifina ne, ni ya kamata in tambaya. Tun ranar na kafa doka, satin farko kamara tana cikin jaka, ka zauna ka gaisa ka riƙe zare in an miƙo maka.

Kuma ba mu kaɗai abin ya taɓa ci ba. A Ostareliya, masu zanen Papunya, wani ƙauyen 'yan asali, da suka fara sa labaransu a kan allo a 1971 sai da suka koma rufe sassan sirri da ɗige-ɗige saboda idon baƙi. A 1994 ma kotu a can ta hukunta wani kamfani da ya shigo da darduma ɗauke da zanen 'yan asali ba da izininsu ba. Shi ya sa nake karanta wa kowane baƙo sashe na 31 na sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2007 kan haƙƙin 'yan asali, wanda ya ce su ke da ikon kula da al'adunsu da iliminsu na gado.

Yarjejeniyarmu a rubuce take kuma ana fassara ta da baki: sunan mai sana'a zai fito, in an sayar yana da kasonsa, abin da aka ce a bari a bar shi, kuma su za su fara ganin aikin kafin kowa. Wasu baƙin suna ganin abin ya yi tsauri su fasa, ban taɓa roƙon kowa ba.

Tsohuwar nan kuwa, bayan shekara biyu ita da kanta ta aiko a tambaye ni ko yarinyar za ta dawo, wai tana son a ɗauki hannunta tana saƙa don jikokinta su gani.