Tarihin Rayuwata (Kashi na 11): Kwando Ashirin na Iya

A makon jiya na tsaya ne a inda aka sake buɗe kasuwar Mil 12 bayan rikicin watan Maris na 2016, wanda ya taso daga hatsaniyar 'yan acaba da mutanen unguwa, ya fantsama ya ci rayuka da gidaje a wajen Agiliti, har gwamnatin Ambode, gwamnan Legas na lokacin, ta garƙame kasuwar na wani lokaci. Mun koma rumfunanmu, amma kowa a ɗar-ɗar yake. Dattawan da suka ga na Ketu a Nuwamba 1999 da na Idi-Araba a Fabrairu 2002 ba su daina nanata mana ba cewa a Ikko ƙaramar cacar baki tsakanin Bahaushe da Bayarabe ba ta kwana a matsayin ta mutum biyu. Kafin la'asar ta zama ta ƙabila.

Wannan ne ya sa shugabannin sashenmu na kayan gwari suka yanke shawarar a tura mutum ɗaya ya koyo aikin sasanci irin na zamani, mai takardar shaida, yadda ko gaban 'yan sanda aka je za a saurare shi. Aka nuna ni, ba don na fi kowa hankali ba. Haifaffen Agege ne ni, Yarbanci a bakina kamar Hausa, na gama sakandare, kuma littafin ƙungiya a hannuna yake tun rasuwar mahaifina. Aka yi karo-karo aka biya mini kuɗin kwas ɗin.

A wani ɗakin taro a Ikeja aka yi horon. Yawancin 'yan ajin lauyoyi ne da ma'aikatan banki, kowa da kwat da kwamfuta a cinya. Ni na shiga da kaftani da littafin rubutu na 'yan makaranta, ƙanshin attaruhu bai gama sakina ba. Malamarmu lauya ce mai yawan shekaru, ba ta ɗaga murya. Ta fara da ba mu tarihi. Wani farfesan shari'a a jami'ar Harvard ta Amurka, Frank Sander, shi ya kawo shawara a 1976 cewa kotu ta zama gida mai ƙofofi da yawa, mai ƙara ya shigo a duba matsalarsa, a nuna masa ƙofar da ta dace da ita, ba kowa ne sai ya tsaya gaban alƙali ba. A kan wannan tunani aka buɗe cibiyar sasanci mai ƙofofi da yawa, wadda ake kira LMDC, a babbar kotun Legas da ke Igbosere a watan Yuni na 2002, bisa ƙoƙarin lauya Kehinde Aina, ita ce irinta ta farko a Afirka da ke jingine da kotu, kuma majalisar jiha ta yi mata doka a 2007. Kafin ita, tun 1999, lokacin da Yemi Osinbajo ke kwamishinan shari'a, ma'aikatar ta kafa cibiyar sasanta jama'a ta CMC, inda mai gida da ɗan haya, ko mai aiki da ubangidansa, ke zuwa a raba su kyauta. Na zauna ina lissafin 'yan uwanmu nawa suka ƙarar da jarinsu a ofishin 'yan sanda kan bashin da wannan ofis zai iya kashewa ba ko sisi.

Da aka shiga ainihin aikin, abu na farko da ta kafa mana shi ne mai sasanci ba alƙali ba ne. Ba ya cewa wane ne da gaskiya, ba ya yanka wa kowa abin da zai biya. Masu rigimar ne za su haifi maslaharsu da bakinsu, shi nasa ya riƙe zaman kada ya watse. Akwai wani aikin daban da ake naɗa mutum ya saurara ya yanke hukunci, amma ba shi muka zo koya ba. Zaman kuwa yana da tsari: ka buɗe da bayanin ƙa'ida, kowa ya yi magana ba a katse shi ba, ka maimaita abin da ka ji don ya tabbatar ka fahimce shi, in abu ya cije ka keɓe da kowane ɓangare shi kaɗai, abin da ya faɗa maka a keɓe amana ne sai in ya ba ka izinin kaiwa, daga nan a lalubo mafita, a rubuta, a sa hannu. Aka riƙa raba mu uku-uku muna kwaikwayo, yau kai ne mai gida, gobe kai ne ɗan haya.

Ba duka na haɗiye ba. Littafin ya ce mai sasanci ya zama wanda ba shi da alaƙa da kowane ɓangare. Na ɗaga hannu na ce a kasuwarmu baƙo ba ya raba faɗa, don ba wanda zai buɗe masa cikinsa. Wanda ake saurare shi ne wanda ya san ubanka, ya ci abinci a gidanku ranar suna. Ta ce kuma ka kalli mai magana ido cikin ido don ya san kana tare da shi. Na ce in na zuba wa sa'an mahaifina ido haka, zaman ya ƙare kenan, za a ce yaron nan ba shi da kunya. Ajin ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Ta ce in bayyana alaƙata ga kowa tun farko, in sun yarda da ni a haka, shi ke nan. Batun ido kuma ta bar mini.

Akwai abin da tun can muna da shi. Keɓewa da kowane ɓangare, ai shi ne abin da mahaifina ke yi in ya bi mutum gida bayan isha'i. Shi kansa sulhun, mun karanta a allo cewa alheri ne, kuma malamanmu sun ce ya halatta tsakanin Musulmi matuƙar bai halatta haram ko ya haramta halal ba. Inda horon ya taɓa ni shi ne wajen gaggawarmu. Mu da an kawo ƙara, kafin mai ƙorafi ya kai aya, an rufe shi da “yi haƙuri, a bar wa Allah”. Ya yi shiru don nauyin manya, a shafa fatiha, a watse. Wanda ya fi rauni shi ke haɗiyewa, kuma ba narkewa abin yake yi ba. Bayan wata shida sai ka ji ya fashe a kan wani abin da bai taka kara ya karya ba.

Ban daɗe da dawowa ba aka gwada ni. Shekarar ce tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta afka wa gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta a watan Mayu. Motocin da ke tasowa daga Kwanar Gafan da Ɗanja suka ragu ƙwarai, farashin kwando ya ninka ya sake ninkawa, ga azumi na ƙaratowa.

Wata Bayarabiya mai sari daga Mushin, da kowa ke ce wa Iya, ta ba wani dillalinmu kafin alƙalami na kwando 20 tun farashi bai tashi ba. Shi wannan Alhaji aminin mahaifina ne, Kawu nake ce masa. Mota ta iso da ƙasa da rabin abin da aka sa rai, ya sayar wa masu saye wa otal-otal a farashin ranar, ya aika yaronsa ya mayar mata da kuɗinta. Ta watsa kuɗin a ƙasa. Manya suka zauna, suka ba ta haƙuri, suka ce Alhaji ya ɗora mata wani abu a kai. Ta ƙi. Washegari ta zo da samari huɗu suka tsaya bakin rumfar ba su ce uffan ba, namu samarin su ma suka fara taruwa. Nan Sarkin sashenmu ya aiko a kira ni.

“To ɗan boko, ga ranarka. Kuɗinmu da ka kai Ikeja, yau za mu ga amfaninsu.”

Na durƙusa na ce, “Ranka ya daɗe, alfarma biyu nake nema. A ba mu ofis mu uku kawai, samari su koma. Sannan ƙa'idar cewa ba mai katse wani, kai za ka faɗa da bakinka kafin ka fita, don ni ba zan iya ce wa Kawu ya yi shiru ba.” Ya yi murmushi, ya yi yadda na roƙa.

Na fara da gaya wa Iya da Yarbanci cewa mutumin nan aminin ubana ne, in ba ta amince da ni ba, akwai ofishin gwamnati da za mu je tare, kyauta ne. Ta dube ni ta ce ta san ubana, ta kuma san ni tun ina ɗaukar masa buta, in ci gaba. Ta yi magana mai tsawo, rabinta zagi. Na maimaita mata abin da na ji, na zubar da zagin na bar ƙorafin, haka na juya wa Kawu da Hausa. Shi kuwa magana ɗaya yake ta juyawa: ciniki bai faɗa ba, ajiya ce ta ba shi, ga kuɗinta. Ita ta ce kwando 20, a tsohon farashi, ko kuma a haɗu a ofishin 'yan sanda. Da na ga an fara zagaye wuri ɗaya, sai na roƙi Kawu ya ɗan sha iska.

Tambaya ɗaya na yi mata: in aka ba ta kuɗin yau har da ƙari, me zai rage bai gyaru ba? Ta yi shiru, sannan ta kwance bakin zaninta ta share fuska. Ashe kuɗin na adashi ne ta ɗauka, kuma ta riga ta karɓi kuɗin wata mai dafa abincin biki da ta yi wa alkawarin tumatir. Kuɗi ba za su fitar da ita kunya ba, kaya take bukata. Amma abin da ya fi ci mata rai daban ne. Uwarta da uban Alhaji sun yi ciniki shekara da shekaru ba takarda. Yau an aiko mata yaro, a gaban 'yan dako, ya miƙo mata kuɗi da hannun hagu yana cewa ta matsa ta ba masu kuɗi wuri. Na tambaye ta wanne zan iya kai wa Alhaji. Ta ce maganar yaron da ta bikin, ban da adashin.

Da na keɓe da Kawu, sai da muka yi ta kewaye-kewaye. Na ce, “Kawu, ni ɗanka ne, abin da ka faɗa a ɗakin nan ba zai fita ba sai ka ce.” Ya sauke murya. Kayan ba nasa ba ne, kowa ya san dillali la'ada kawai yake ci. Manomin ya bugo waya yana kuka, gonarsa ta ƙone, ɗan abin da ya tsira a sayar a farashin ranar ko ya sauya dillali. Kafin alƙalamin Iya kuwa tuni ya tura wa manomin ya sayi maganin feshi. Kuɗin da ya mayar mata rance ya ciwo. Kunyar haɗa ido da ita ce ta sa ya aiki yaro. Da na gaya masa abin da yaron ya yi, ya yi salati ya dafe kai, bai sani ba.

Daga nan aikin ya yi sauƙi, don su suka yi shi. Na dawo da su, Kawu da kansa ya ba ta labarin manomin, abin da ban zata zai yi ba. Ita ta kawo shawarar a ba ta kwando 8 daga motar da ke hanya don ta sallami mai biki, sauran a biyo ta da su kaɗan-kaɗan. Sun ja kan farashi sosai, na bar su suka ja, suka tsaya a tsakanin tsoho da sabo, shi kuma ya yafe la'adarsa a kan nata kason. Aka kira yaron ya durƙusa ya ba ta haƙuri a bakin rumfa, inda ya yi laifin.

Sai na fito da takarda. Kawu ya ɓata fuska, ya ce yaushe aka fara rubutu tsakaninsa da gidan su Iya. Na ce ba don su ba ne, don ranar da ɗayansu ba ya nan ne, yara su san inda aka tsaya. Na rubuta yawan kwanduna, farashi, da ranakun bayarwa, na karanta da Hausa, na karanta da Yarbanci, ya sa hannu da ajami, ta dangwala yatsa. Na kuma faɗa musu gaskiya cewa wannan takarda tamu alkawari ce tsakaninsu da shaidu. Wadda aka yi a LMDC ce alƙali ke sa wa hannu ta zama daidai da hukuncin kotu. Sarki ya karɓi kwafi ɗaya ya sa a aljihun babbar riga, ya ce kuɗin Ikeja sun fara fita, saura riba.

Ni na ɗauka daga nan zan koma kan littafin ƙungiya. Ana saura kwana kaɗan a ɗauki azumi, bayan sallar asuba, na tarar da mata uku a ƙofar gidanmu, ɗaya da goyo, riƙe da takardar tashi da mai gidansu ya manna musu a Agiliti, ya ba magidanta goma sha ɗaya kwana bakwai su kwashe, alhali haya ta shekara suke biya, kuma dokar haya ta Legas ta 2011 wata shida ta ba irinsu. Mai gidan kuwa ɗansa na cikin waɗanda aka raunata a rikicin Maris, ya rantse ba zai zauna inuwa ɗaya da Bahaushe ba. Yadda na samu ya buɗe mini ƙofa, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.