Ƙwanson da ke haƙa wa kansa hanya

Akwai wani dangin ƙudaje da masana ƙwari ke kira Bombyliidae, waɗanda jikinsu yake cike da gashi har mutum ya ɗauka ƙudan zuma ne, alhali fikafikansu biyu ne kacal kuma ba su da harbi. An bayyana fiye da jinsi 4,500 a cikin dangin, kuma a shekarar 1999 masana ƙwari biyu, Neal Evenhuis da David Greathead, suka fitar da kundin da ya tattara sunayensu na duniya baki ɗaya. Babban ƙudan ruwan fure yake sha, amma tsutsarsa galibi a jikin 'ya'yan wasu ƙwari take rayuwa. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne matakin ƙwanso, wanda ke tsakanin tsutsa da cikakken ƙuda, domin a nan dangin ya bambanta da ƙudan gida da muka saba da shi.

Dalilin siffar wannan ƙwanso yana cikin wurin da tsutsar take ƙarewa. Uwar takan watsa ƙwai a bakin ramin ƙudan zuma mai zaman kaɗaici, irin wanda ba ya tara saƙa, ko kusa da gidan zanzaro. Tsutsar farko siririya ce mai kuzari, takan kutsa ta ƙaramar kafa har ɗakin da ɗan mai gida yake, sannan ta rikiɗe ta koma mai ƙiba marar motsi, ta tsotse shi har ya rage fata kawai. Daga nan sai matsala ta taso, domin ɗakin a toshe yake da laka ko ƙasa mai tauri, kuma ƙudan da zai fito ba shi da muƙamuƙin tono, bakinsa na tsotso ne. Ƙudan gida yana da wata jaka a goshi da yake hurawa ya fasa ƙwansonsa ya ture ƙasa, amma wannan dangi ba shi da ita. Saboda haka aikin fasa kurkukun ya faɗa kan ƙwanson kansa.

Idan aka duba shi da madubin ƙara girma, za a ga kansa yana ɗauke da ƙayoyi masu tauri, baƙaƙe ko masu duhun ja, a jere biyu-biyu, kuma da su yake sara. A gadon bayan kowace gaɓa ta ciki akwai layin ƙananan ƙugiyoyi, a gefe kuma dogayen gasu, sannan a can ƙarshen jiki akwai wasu ƙayoyin da yake tokarewa da su. Kuben fikafikai da na ƙafafu a manne suke da ƙirji, ba sa taimaka masa da komai. Yakan lanƙwashe ya miƙe, ƙugiyoyin baya su riƙe bango don kada ya zame, kai kuma ya ci gaba da ƙwaƙular laka, kamar yadda mai haƙar rijiya ke tokara ƙafa a jikin bango kafin ya ɗaga diga. Jean-Henri Fabre, masanin nan na kudancin Faransa da ya rasu a 1915, ya yi dogon bayani a kan yadda ƙwanson jinsin Anthrax na wannan dangi ke fasa gidan ƙudan zuma magini, wanda taurinsa ya kusa na siminti.

Idan ya huda bangon, ba ya faɗowa ƙasa. Yakan tsaya rabinsa a waje rabinsa a ciki, fatar bayan ƙirji ta tsage, ƙudan ya zare jikinsa ya bar saɓarsa a maƙale a bakin rami. Wannan saɓa tana da daraja a wurin masana, saboda yawan ƙayoyin kai da siffarsu da tsarin ƙugiyoyin baya sun bambanta daga jinsi zuwa jinsi, har akan gane jinsin da ita ko da ƙudan ya tashi ya tafi.

Dangane da yaɗuwa, ana samun dangin a kowace nahiya in ban da Antatika, amma ya fi yawa a wurare masu zafi da ƙarancin ruwa, kamar kudancin Afirka, da kewayen tekun Bahar Rum, da kudu maso yammacin Amurka, da Ostareliya. Sai dai a ganina taswirar babban ƙuda ba ta isa ta nuna inda ƙwanso yake ba, domin ƙuda yana bin fure, ƙwanso kuwa yana nan inda gidan mai masaukinsa yake. Misali, ƙwanson jinsin Bombylius major na Turai da Asiya da Arewacin Amurka a ramukan ƙudan zuma masu tono a ƙasa yake, na Xenox tigrinus na Amurka kuma a cikin katakon da ƙudan zuma masassaƙi ya huda. A nan Afirka, tsutsar wasu jinsunan Systoechus tana cin ƙwan fara da aka binne a yashi mai damshi, jinsunan Exhyalanthrax kuma suna shiga ƙwanson ƙudan tsando, wanda ke kawo wa shanu sammore, shi ya sa aka taɓa nazarin ko za a iya amfani da su wajen rage shi.

A cikin birnin Kano, wurin da ya dace a nema shi ne tsofaffin katangun ƙasa na unguwannin cikin gari, da ragowar badala, da gefen kududdufai inda ƙasa ta yanke a tsaye, musamman ɓangaren da rana ke bugawa. Duk inda aka ga ƙananan ramuka sun yi yawa a jikin jar ƙasa, to akwai masu gini a wurin, kuma inda suke da yawa da wuya a rasa mai cin 'ya'yansu. Na taɓa ganin irin wannan saɓa a katangar wani gidan ƙasa kusa da Dala, tana leƙe daga rami, kanta a waje. Yanzu da bulo da siminti ke maye gurbin tubali, wuraren suna raguwa, don haka ɗalibin nazarin ƙwari da ke neman aikin bincike zai iya tattara saɓar, ya rubuta sunan wata da na unguwa da irin gidan da ya ciro ta, ya ajiye kowace ɗaya tare da ɓaraguzan ɗakin da ta fito.